Ihu Bayan Hari: Shari'ar Ƙwaya a Tseren Keke



Tun da Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, ya lashe zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ya kuma koma gida da koriyar riga, samarinmu da a da ba su san wani wasa ba sai ƙwallon ƙafa suka fara zama gaban talabijin a watan Yuli suna kallon tseren keke. Abin farin ciki ne. Sai dai duk wanda ya shiga wannan gida zai tarar da tsohuwar gardamar da ke cikinsa: idan aka sami hujjar cewa mahayi ya yi amfani da ƙwayar ƙara kuzari, amma ba a kai ga yanke masa hukunci ba, a bar shi ya ci gaba da tsere, ko a sauke shi? Yawancin magoya baya, da ƙungiyoyi masu kuɗi da lauyoyinsu, cewa suke a bar shi, tunda mutum ba shi da laifi sai kotu ta ce yana da shi. Mu kuwa muna cewa a sauke shi, a kuma sa wa shari'arsa wa'adi gajere. Ga dalilanmu.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin cutar da ake magana a kai. Tour de France tseren mako uku ne, zango 21, nisan da ya kusa kilomita 3,500, cikinsa har da hawan manyan duwatsu. Abin da ke raba gwani da na bayansa a kan dutse shi ne yawan iskar da jininsa ke iya kai wa tsokar jiki, kuma jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗaukar wannan iska. Saboda haka maguɗin ya koma kan jini. Wasu kan yi allurar sinadarin EPO, wanda asalinsa maganin masu ƙarancin jini ne, don ya yawaita musu jajayen ƙwayoyin. Wasu kuma likita kan ɗebi jininsu tun da sauran watanni, ya adana a firiji, in tsere ya yi tsakiya, jiki ya gaji, a mayar musu da shi a ɗakin otal. Tunda jinin mutum ne aka mayar masa, gwajin fitsari ba ya ganin komai. Wannan ya sa manyan asirai na wasan ba a ɗakin gwaji suka tonu ba. Jami'an kwastan ne suka tare motar ƙungiyar Festina a kan iyakar Beljiyam da Faransa a watan Yulin 1998, suka same ta maƙare da ƙwayoyi, kuma daga wannan abin kunya aka kafa hukumar WADA mai yaƙi da ƙwaya a wasanni a 1999.

A watan Mayun 2006, 'yan sandan Sifaniya suka kai samame wuraren wani likita a Madrid mai suna Eufemiano Fuentes, a binciken da aka sa wa suna Puerto. Suka sami ledojin jini fiye da 200, kowace da sunan ɓoye. Ivan Basso, wanda ya lashe gasar Giro ta Italiya a wannan watan, sunan karensa ne a jikin tasa ledar. Ranar 30 ga Yuni, ana gobe za a fara Tour a birnin Strasbourg, aka sauke Basso, da Jan Ullrich na Jamus wanda ya lashe gasar a 1997, da Francisco Mancebo, wato na biyu da na uku da na huɗu a gasar shekarar da ta gabata. Aka kuma sauke mahaya biyar na ƙungiyar Astana, har yawan waɗanda suka rage bai kai shida da doka ta gindaya ba, ƙungiyar gaba ɗaya ta rasa shiga. Kafin watan Yuli ya ƙare, kotun Sifaniya ta bayyana cewa ba ta tuhumar waɗannan biyar ɗin da komai. Amma tsere ya riga ya wuce su.

A wannan rana kuwa aka bar Alejandro Valverde ya hau kekensa, alhali akwai leda mai lamba 18 da sunan da ke jikinta ya yi kama da nasa. Ya ci gaba da tsere yana cin kofuna. A 2007 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta nemi hana shi shiga gasar zakarun duniya a Stuttgart, kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta ce a bar shi. Sai a watan Yulin 2008, da Tour ya ratsa ta cikin Italiya, hukumomin ƙasar suka ɗebi jininsa, suka gwada ƙwayar halittarsa da jinin leda ta 18, suka ga jinin mutum ɗaya ne, kuma akwai alamar EPO a cikin ledar. A watan Mayun 2009 Italiya ta haramta masa tsere a ƙasarta na shekara biyu. Wata huɗu bayan haka ya lashe Vuelta, babbar gasar Sifaniya. Sai ƙarshen Mayun 2010 kotun Lausanne ta faɗaɗa haramcin zuwa duniya baki ɗaya, kuma ta bar masa kofin Vuelta. Shekara huɗu cif tsakanin samame da hukunci. Shi Ullrich, wanda ya yi ritaya tun farkon 2007, sai Fabrairun 2012 aka yanke nasa.

A duba da kyau. Bincike ɗaya, firiji ɗaya, likita ɗaya. An sauke wasu a kan takardar da ba a tantance ba, daga baya aka ce ba su da laifi. An bar wani wanda jininsa ke cikin firijin ya yi shekaru yana karɓar kyaututtuka. Wannan mudu biyu ne a kasuwa ɗaya, kuma shi ke faruwa idan babu rubutacciyar ƙa'ida da ta bambanta jita-jita da hujja. Ledojin kansu ba su tsira ba. A lokacin samamen Sifaniya ba ta da dokar da ta mai da maguɗin ƙwaya laifi, don haka aka gurfanar da Fuentes a kan zargin jefa lafiyar jama'a cikin haɗari kawai. A 2013 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka, ta kuma ba da umarnin a lalata ledojin, duk da cewa likitan ya faɗa da bakinsa cewa ya yi aiki da 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan tanis da 'yan guje-guje da 'yan dambe. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, ta ce a miƙa jinin ga hukumomin wasanni. Kafin nan wa'adin da doka ta ba da na hukunta masu jinin ya riga ya cika. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Idan Valverde bai isa misali ba, ga Alberto Contador. Yana cikin biyar ɗin nan da aka sauke a 2006 aka kuma wanke. A gasar Tour ta 2010, ranar 21 ga Yuli, an ɗebi fitsarinsa a garin Pau, aka sami ɗan mitsitsin sinadarin clenbuterol, wanda doka a lokacin ba ta yarda da ko ƙwayar zarra daga gare shi ba. Ya lashe gasar da ratar daƙiƙa 39 a kan Andy Schleck na Luxembourg. Ya ce naman shanu ne da aka kawo masa daga Sifaniya. Shari'ar ta faɗa hannun hukumar tseren keke ta ƙasarsu, shugaban gwamnatin Sifaniya na lokacin, Zapatero, ya fito fili ya ce bai ga dalilin hukunta shi ba, kuma a Fabrairun 2011 hukumar ta wanke ɗan ƙasarta. UCI da WADA suka ɗaukaka ƙara. Ana jiran zaman kotu, Contador ya shiga Giro ta 2011 ya lashe ta da ratar fiye da minti shida, ya kuma shiga Tour ya zo na biyar. Ranar 6 ga Fabrairun 2012 kotun Lausanne ta dakatar da shi shekara biyu, ta ƙwace Tour ta 2010 da Giro ta 2011. Kotun ba ta ce ya sha da gangan ba, ta ma fi karkata ga cewa wani abincin ƙarin kuzari ne ya gurɓace, amma ta ce labarin naman bai tabbata ba. Da yake an soma lissafin dakatarwar daga baya, wata shida kacal ya zauna, ya dawo a watan Agusta ya lashe Vuelta.

Wa aka cuta a nan? Andy Schleck ya karɓi rawayar rigarsa a watan Mayun 2012, a wani ɗan taro a ƙasarsu, kusan shekara biyu bayan jama'ar da suka cika titin Champs-Élysées na birnin Faris sun watse. Haka aka yi wa Óscar Pereiro, wanda sai Oktoban 2007 ya ga rigar Tour ta 2006 bayan an ƙwace ta daga Floyd Landis. Kuma ba ranar murna kaɗai suka rasa ba. Kwantiragin mahayi da albashinsa da 'yan kasuwar da ke neman sa hotonsa duk a kan sakamakon bana ake yanke su. Ban da haka, tsere ba jarrabawa ba ce da kowa ke zaune a kan teburinsa. Idan gwani yana cikin ayari, kowace ƙungiya da shi take auna dabararta: wa zai bi shi in ya ɓalle, wa zai ajiye ƙarfinsa, wa zai haƙura ya nemi na biyu. Goge sunan Contador daga takardar Giro ta 2011 bai dawo da tseren da za a yi ba da ba ya nan. An dai matsa kowa gaba da mataki ɗaya a kan takarda, kofin ya faɗa hannun Michele Scarponi, wanda shi ma ya taɓa shan dakatarwa a kan harkar Fuentes.

Yanzu mu zo ga hujjar masu cewa a bar shi ya hau. Suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mun yarda, kuma shi ya sa muke ganin abin da aka yi wa mahayan Astana a 2006 zalunci ne. Amma samfurin fitsari da ɗakin gwaji amintacce ya tabbatar ba zato ba ne. Ledar jini da ƙwayar halitta ta nuna mai ita ba zato ba ce. Duk wanda ya taɓa zama a zauren shari'a ya san cewa idan mutum biyu suka yi jayayya a kan doki ko gona, mai ƙara kuma ya zo da abin da ya wuce fatar baki, alƙali kan ɗaure abin, ya hana a sayar da shi ko a fita da shi gari har a gama. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tsara wannan babi, kuma tare da shi suka tsara babin wa'adi: kwana kaza ga mai neman kawo shaidu, in ya wuce bai kawo ba a yanke magana. Ɗaure doki ba kiran mai riƙe da shi ɓarawo ba ne. Hikimar ita ce kada a wayi gari an yi hukunci alhali dokin ya riga ya ƙetare kogi. Tsere ya fi doki saurin ƙetarewa, don rana ɗaya ake yin sa, ba a kuma maimaitawa. Kuma ba a raba ɗaurin da wa'adin. Ɗauri ba wa'adi shi ma zalunci ne, musamman a sana'ar da ƙarfin mai ita bai cika wuce shekara goma zuwa sha biyar ba.

Mun san misalin da za su jefo mana, wato Chris Froome. A ranar 7 ga Satumban 2017, yana kan hanyar lashe Vuelta, aka sami sinadarin salbutamol a fitsarinsa nanogiram 2,000 a kowace mililita, ninki biyu na 1,000 da aka yarje. Salbutamol maganin asma ne da ake shaƙa, Froome kuwa yana da asma, kuma irin wannan sinadari ba ya cikin waɗanda doka ta wajabta dakatarwa nan take a kansu. Maganar ta kasance a ɓoye har jaridu suka fasa ta a watan Disamba. Ya shiga Giro ta 2018 ya lashe. Masu shirya Tour suka yunƙura su hana shi shiga. Ranar 2 ga Yuli, saura kwana biyar a fara, UCI ta rufe shari'ar bisa shawarar WADA, ta ce ba shi da laifi. Sai su ce mana: kun gani, da an sauke shi da an ƙwace wa marar laifi kofi.

Ba mu ce Froome ya yi maguɗi ba, an wanke shi, kuma mun karɓi hukuncin. Tambayarmu ita ce me ya sa maganar maganin asma za ta ci kusan wata goma? Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu babu wani babban tsere a Turai. Da akwai wa'adi, da an gama kafin a sake ɗaura takalmi, da ya shiga Giro da farar fuska, da Tom Dumoulin da ya zo na biyu bai yi mako uku yana fafatawa da mutumin da babu wanda ya san ko sakamakonsa zai tsaya ba. Dumoulin kansa ya faɗa cewa da shi ne, ƙungiyarsa ba za ta bar shi ya hau ba, domin tana cikin haɗakar ƙungiyoyin nan ta MPCC da suka ɗora wa kansu dokoki masu tsauri tun 2007. Sannan a tuna da Diego Ulissi, wanda aka samu da 1,900 na wannan sinadari a Giro ta 2014 aka dakatar da shi wata tara, da Alessandro Petacchi, wanda nasa ya ɗan haura 1,300 a 2007 ya sha shekara ɗaya. Froome yana cikin ƙungiyar da ta fi kowace kuɗi a lokacin, mai iya ɗaukar manyan lauyoyi da masana harhaɗa magunguna. Idan ilimin da ya wanke shi gaskiya ne, to akwai waɗanda aka hukunta don kawai ba su da kuɗin sayen wannan ilimi. Jinkirin shari'a riba ne ga mai kuɗi, don shi ke iya ciyar da lauya wata goma yana kuma cin kofi. Talaka kuwa ƙungiyarsa kan sallame shi tun a makon farko.

Akwai kuma batun wanda ke riƙe da mudun. Lance Armstrong ya lashe Tour sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Tun a ta farko aka sami sinadarin cortisone a jikinsa, UCI ta karɓi takardar likita da aka mai da kwanan watanta baya. Daga bisani ya ba hukumar kyautar kuɗi, ta kuma karɓa. Da ya dawo daga ritaya, doka ta ce sai mahayi ya cika wata shida a ƙarƙashin gwaji kafin ya shiga gasa, amma aka yafe masa sauran kwanakin don ya hau a Ostiraliya a Janairun 2009. Kwamitin bincike mai zaman kansa da UCI ta kafa ya tabbatar a rahotonsa na 2015 cewa an fifita shi. A gefe guda kuwa, Christophe Bassons, Bafaranshen da ya ƙi ƙwaya ya kuma faɗi haka a jarida, abokan tserensa suka ƙaurace masa har ya fice daga Tour ta 1999 bai gama ba. Sai a 2012 hukumar yaƙi da ƙwaya ta Amurka ta tona asirin Armstrong, aka ƙwace kofunan bakwai, aka bar gurabensu babu suna, domin yawancin waɗanda suka biyo shi su ma hannunsu da jini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne, amma wannan ramin ya ci shekara goma sha uku, kuma Bassons bai sami samartakarsa ba.

Kada a ce mana saurin shari'a ba ya yiwuwa. A Fabrairun 2019 'yan sandan Ostiriya da Jamus suka fasa wata harkar jini irin ta Fuentes, wadda wani likita a birnin Erfurt mai suna Mark Schmidt ke gudanarwa. A waɗannan ƙasashe maguɗin ƙwaya laifi ne a doka, kuma masu gabatar da ƙara suka ba hukumomin wasanni abin da ke hannunsu. Mahaya biyu 'yan Ostiriya, Stefan Denifl da Georg Preidler, suka sauka nan take, kuma cikin wata huɗu aka dakatar da kowannensu shekara huɗu. A Janairun 2021 kotun Munich ta ɗaure likitan shekara huɗu da wata goma. Abin da ya gagari Madrid a shekara goma, an gama shi a ƙasa da shekara biyu. An kuma sami wasu gyare-gyare da ya kamata a yaba: tun 2008 ake bin diddigin jinin kowane babban mahayi lokaci bayan lokaci don a ga in ya sauya ba bisa ɗabi'a ba, tun 2015 UCI ta kafa kotunta ta karɓe irin waɗannan shari'o'i daga hukumomin ƙasashe, kuma tun 2021 aka miƙa aikin gwaji ga hukumar ITA mai zaman kanta. Amma shari'ar Froome bayan kafa waccan kotu ta faru, wanda ke nuna cewa an yi tuya an manta da albasa.

Abin da muke nema uku ne. Na farko, a rubuta a fili abin da ya isa ya sauke mahayi: samfurin da aka tabbatar, ko jinin da ƙwayar halitta ta nuna, ko ikirarin bakinsa. Suna a jarida ko a littafin wani likita bai isa ba. Na biyu, idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu, a sauke shi ko wane ne, ko da shi ne ke sanye da rawayar riga, kuma kada a bar wannan ga ganin damar ƙungiyarsa. Na uku, a sa wa'adin da bai wuce 'yan watanni ba, wanda ya hau kan mai tuhuma kamar yadda ya hau kan wanda ake tuhuma. In hukuma ta kasa kawo hujjarta a cikinsa, mahayi ya koma kan kekensa, a biya shi albashin da ya rasa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya da masani, a ɗaukar masa.

Wannan magana ta fara zama tamu. A Satumban 2025 aka yi gasar zakarun duniya ta tseren keke a Kigali, karo na farko a nahiyar Afirka. Tour du Faso na gudana tun 1987, Kamaru na da nata tseren, Ruwanda ma haka, kuma daga irin waɗannan gasanni ne ƙungiyoyin Turai ke tsintar yara. Yaron da zai fita daga nan ba zai tafi da lauya ba, kuma babu shugaban gwamnatin da zai fito ya yi magana dominsa. Kariyarsa ɗaya ce: doka mai mudu ɗaya, wadda ke hana mai maguɗi tsayawa kusa da shi a bakin layi, kuma ba ta barin shi kansa a rataye shekara da shekaru in wata rana aka tuhume shi. Don haka muna kira ga samarinmu masu kallo, kada son gwani ya sa ku riƙa maimaita maganar lauyoyin masu kuɗi. Allah ya sa mu dace.